Mai Tayoyi Ya Fara Shan Sadaka Safe da Yamma

Duk unguwar nan babu mai kyakkyawar zuciya irin ta Mai Tayoyi. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum mai shago huɗu da sito biyu ai ba zai yi ƙarya ba. Ma'aikatansa suna kiransa Inuwar Giginya. Da sunan ya kai kunnensa, sai ya sa aka rubuta shi a bayan motarsa, don dai giginya doguwa ce.

A ɗakin likita alherinsa ya tsiro. Ana dab da hutun ƙarshen shekara aka ɗaura masa abin awo a dantse. Likita ya dubi lamba, ya dubi tumbi, ya ce jini ya hau sosai. Ya hana shi gishiri da kitse da yi wa ma'aikata tsawa. Ya ƙara da cewa taimakon mutane yana kwantar da zuciya, ya gwada ko a hutun nan ne. Zancen gishiri da kitse ta bayan kunnensa ya bi. Taimakon kawai ya riƙe, tunda shi ne maganin da ake sha a gaban jama'a.

Ɗan kasuwa ba ya zuba jari bai duba riba ba. Nan take ya sayi na'urar awon jini. Ya kira mai gadinsa, ya miƙa masa tsohuwar riga mai maɓalli uku cikin biyar, ya naɗe hannu ya auna. Lamba ba ta motsa ba. Ya ce godiyar ce ba ta nuna ba, a sake. Mai gadi ya sake, har da durƙuso. Lamba tana nan daram.

Sai ya gane kuskurensa. Sadakar ɗai-ɗai ba ta aiki, sai an yi sari. Ya nufi asibiti, ɗakin tsofaffi, gado ashirin reras. Kawunsa ma yana kwance a ɗakin baya na gidansa, amma kawu ɗaya ne tak, kuma ɗakin ba shi da hasken ɗaukar hoto.

Ya shiga da lemo ashirin da masu hoto biyu. Kowane lemo sai da ya sha hoto tara kafin ya isa hannun mai shi. Ya ƙwace keken wani dattijo daga hannun nas, ya ce yau shi ne bawan bayin Allah. Ya tura shi baranda, ya zagaya da shi, ya sake zagayawa don mai hoto ya ce rana ta bugi gilashi.

"Ɗana," in ji dattijon, "bayi fa na ce a kai ni."

Duk da haka jini bai sauka ba. Sai ya ƙara wa maganin ƙarfi: kullum bayan rabon lemo zai tsaya tsakiyar ɗaki, hannu ɗaya a ƙirji, ya yi jawabi.

"Iyayena, kada ku gode mini. Ni ba na son godiya, ku tambayi kowa. Ni da na fara da taya ɗaya, facinta ya fi robarta yawa, yau ga ni a gabanku ina ɓare muku lemo da hannuna. Hannun da manya suke layi su gaisa da shi!"

Daga nan sai tarihin shago na farko, da na biyu, har sito. Kafin ya kai shago na uku idanu sun rufe gado bayan gado. Yakan nuna wa masu hoto, ya ce ku duba, addu'a suke yi mini.

Hutu ya ƙare, ya koma wurin likita da murmushin mai karɓar riba. Aka auna. Jini ya ƙara hawa. Mai Tayoyi ya miƙe yana huci, ya ce an cuce shi, lemo ya tafi a banza, tsofaffin nan alherinsu ba ya kama jiki, daga yau ya rufe wannan reshe.

A bakin ƙofa babbar nas ta ɗakin tsofaffi ta sha gabansa, ta roƙe shi don Allah kada ya daina zuwa, ɗakin ba zai iya ba sai da shi. Nan da nan tumbi ya koma mazauninsa. Ya gyara wuyan riga, ya waiwaya ko akwai masu saurare, ya ɗaga murya ya tambaye ta wanne ne cikin alheransa suka fi kasa rabuwa da shi.

"Jawabin, ranka ya daɗe. Tun da ka fara ba mu sake ba kowa ƙwayar barci ba. In da hali, ka riƙa zuwa bayan sun ci abincin dare."