Rasuwar Jar Motar Ɗan Shatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko in ce zuciyar da ban san abin da ke cikinta ba, ni Sahura ta Dogon Dutsi nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar jar motar ɗan Shatu, ranar Laraba da hantsi, cikin rairayin hanyar Sukukutane. Jikokina sun saba in ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta. Yau kada kowa ya amsa.

Ɗan Shatu ni na haife shi. Ɗan fari ne, don haka ban faɗin sunansa, ban kallon idonsa, ban jayayya da shi. Da anka yaye shi, yayata Shatu ta goya shi zuwa Sukukutane, ta riƙe shi har ya yi gemu. Can ya koyi ƙera motar kara, yana ja a tsakar gida yana cewa, "Inna, wata rana ta ƙarfe zan kawo miki." Ya girma ya zama dillalin motoci a Kwatano.

Marigayiya haifaffiyar ƙasar Turai ce. An ce su arba'in kaɗai anka ƙera a duniya, ita ce ta goma sha bakwai, ga lambar nan a ɗan faranti kusa da sitiyari. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar zabuwa za ta tashi. Kujera biyu gare ta, ko wurin aje kwanon tuwo babu. Ba ta da girman kai, kullum cikinta a ƙasa, ko kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta. In an tashe ta sai ta yi gurnani, grrr, grrr, tantabarun unguwa su watse. Kafin ta baro Kwatano ɗan Shatu ya sa anka sake mata fenti, ja irin na zanen Sallar Shatu, anka ɗinka sunan Shatu da zaren zinariya a kujerar mai zaman banza.

Kwanansa kaɗan da isowa da ita Dutsi, ranar Lahadi saƙo ya zo, jikin Shatu ya yi tsanani, ta ce in zo mata da ɗanta. Litinin da safe akwai motar kasuwa, na riga na ƙulle kayana. Shi kuwa ya ce ba zai je gaban Innarsa a motar haya ba. Ya kira Inusa makanike. Inusa ya duƙa ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan ko tabarma ta taka sai ta maƙale." Anka yanke shawara a ɗaga ta. Kwana biyu ana yanka, ana walda, ana sa mata manyan tayoyi. Ina ƙofar ɗaki da ƙullina ina kallo. Na aika ƙanwarsa Rumaisa'u ta yi masa magana, ya ce mata gobe. Abin faɗi kaɗan ne, "tashi mu tafi." Ya zo mini har maƙoshi ban san sau nawa ba. Da auta ne, da na ja kunnensa har tasha.

Laraba munka kama hanya, ina zaune bisa sunan yayata. Inda hanya ke da ƙarfi marigayiya ta nuna halinta, itatuwa ba su ganuwa. Da munka shiga rairayi ta fara tari, zafi ya hau ta, ta yi hayaƙi, ta ce kuf, kuf, ta yi shiru. Wani manomi ya ɗaura ta ga shanunsa biyu. Haka ta shiga Sukukutane da la'asar, ƙofofi a sama saboda zafi. A bakin gari munka tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta. Sunka matsa gefe, munka wuce.

Marigayiya ta bar makulli biyu, da tayoyinta na asali huɗu a garejin Inusa, da kujerar da mai ita ba ta taɓa zama ba. Surukina Nafi'u ya ce ta'aziyyar ƙarfe ba ta cikin addini. Gaskiyarsa. Ta Shatu na so in rubuta, na ɗauki alƙalami sau uku hannuna bai motsa ba. Hawayen ma ba su zo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a tura motar ƙarƙashin itacen gawon da ke ƙofar gidan Shatu, a lulluɓe ta da tabarmi. Babu zaman makoki. Mai addu'a ya san wadda zai yi wa.

Manomin ya kwance shanunsa ya koma gona. Inusa yana garejinsa. Ɗan Shatu bai koma Kwatano ba, yana can Sukukutane, kullum da safe shi ke share ɗakin Shatu. Ranar da zan taho na tsaya bayansa na ce, "Abdulwahabu." Bai waiwayo ba, bai taɓa jin sunan a bakina ba. Ni na dawo Dutsi a motar kasuwa, kafin azahar ta kawo mu. Ƙullina yana nan ban kwance ba.