Furannin da Suka Cika Wayar Kaka

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Tsohuwa kuma tana gidanku. Zauna, mijin da bai san hanyar kasuwa ba."

Jikan ya ajiye jakar aikinsa, ya zauna a bakin gado. Tun safe Kaka take aike a kira shi. Gwaggonsa, autar Kaka, ta haihu jiya a can garin da take aure, ta turo bidiyon jaririn, amma wayar Kaka ta ƙi buɗe shi. Kowa a gidan ya gani a tasa wayar, an kuma miƙo wa Kaka ta kalla, ta kawar da kai. Ta rantse ba za ta fara ganin jininta a wayar aro ba.

Ya karɓi wayar, ya ɗan lallatsa, sai ya dafe kai.

"Wayarki ta ƙoshi, Kaka. Ko numfashi ba ta iya yi."

"Gado ta yi. Kai ma haka kake idan ka zo gidan nan."

"Sai an goge wasu abubuwa kafin jariri ya samu wurin shiga."

"Goge na banza. Amma kada ka taɓa mini mutane."

Ya shiga wurin hotuna da niyyar ganin mutanen. Furanni ya tarar. Ja, fari, ruwan ɗorawa, wasu da raɓa, wasu da tsuntsu a kai, kowanne an rubuta masa barka da safiya ko barka da dare. Ya yi ta ja da yatsa har yatsan ya gaji, furanni ba su ƙare ba.

"Ina mutanen? Lambu na gani."

"Su ne mutanen. Wannan jan na matar tela ne. Mai tsuntsun nan na ƙawata ne, tsohuwar ungozoma. Mutum ya tashi da sassafe, ya zaɓo fure saboda ni, sai in share masa gaisuwa? A wace makaranta aka koya maka wannan rashin kunyar?"

"To wannan fa? Hoton silin ne, ya fi ashirin."

"Ina duba ko yana yoyo."

"Wannan kuma babban yatsanki ne."

"Ya fi fuskarka kyau. Bar shi."

Ya lura dai bakinta kawai ke faɗa, hankalinta yana kan hoton jaririn da ya tsaya dishi-dishi, kamar ana hango shi ta gilashin banɗaki. Sai dabara ta faɗo masa. Ya buɗe saƙon matar tela, ya matso da wayar kusa da tabaraunta.

"Kin ga 'yar kibiyar nan a saman furen?"

"Na gani. Ado ce."

"Ba ado ba ce. Tana nufin ba ita ta zaɓo ba. Wani ne ya turo mata, ita kuma ta watsa wa duk wanda ke cikin wayarta. Ke, da mai kawo musu ruwa, da mai gyaran keken ɗinki."

Kaka ta gyara zama a hankali.

"Da mai gyaran keke?"

"Fure ɗaya kuke rabawa."

"Ni da nake amsa mata da murya, har ina tambayar yara ɗaya bayan ɗaya?" Ta ja tsaki. "Share ta. Ungozoma fa?"

"Nata kibiya biyu ne. Wannan ya zaga duniya kafin ya iso gare ki."

"Dama tun muna 'yan mata ba ta taɓa sayen abu sabo ba. Share."

Haka aka yi ta shari'a. Shi yana kiran suna, ita tana yanke hukunci, tana haɗawa da laifin da mutum ya yi mata tun kafin a ƙirƙiro waya. Yana cikin jin daɗi ta ɗora yatsa a kan wani farin fure.

"Wannan na waye? Na ga kibiyoyinsa."

Ya yi tari. "Wannan kuskuren kamfani ne."

"Karanta sunan."

"Nawa ne."

"Miji guda, ko furen ƙarya ba zai iya saya wa matarsa sabo ba. Share kanka da hannunka."

Ya share kansa. Da ya koma kan saƙon gwaggo, 'yar da'irar da ke tsakiyar bidiyon ta juya, ta cika, hoton ya washe. Jaririn ya yi hamma, ya dunƙule hannu kusa da kunne. Kaka ta karɓe wayar da hannu biyu. Leɓenta yana ta motsi da addu'a. Da bidiyon ya ƙare ta sa aka maimaita mata, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"To, malam, ba ni takardata. Na yi sabon miji."

"Haba, Kaka. Wannan ko haƙori ɗaya ba shi da shi."

"Mun dace ke nan."

Dariya ta ƙwace masa har ya kusa zamewa daga bakin gadon. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na janye. Allah ya ba ku zaman lafiya."