Ranar da Na Ba Rim ɗin Dakta Guduma

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Ranar na zubar da sunan da nake tarawa tun ina saurayi, da bugu ɗaya tak.

Ni mai gyaran keke ne a Sabon Gari, nan Wudil. Aji biyu na yi a sakandare aka sallame ni (har gobe ina cewa malamin lissafin ne bai iya koyarwa ba). Abokan karatuna yanzu sai su wuce a mota su danna mini hon, ni kuwa ina gindin darbejiya hannu duk baƙin mai. Amma a miƙar da rim, wato zoben ƙafar keke, kaf garin nan babu na biyuna. Ko saniya ce ta taka ƙafar keke a kasuwar Juma'a, in na ɗora ta a kututture na ba ta guduma uku, dole ta miƙe.

Ranar sai ga Dakta Bulus, wani malamin jami'a mutumin Filato, ya turo wani baƙin keke mai ɓulɓul ɗin taya, irin na shiga daji. Da muka gama gaisawa ya ce, "Oga, ƙafar baya ce take ɗan rawa. Wayoyin ƙafar kawai za ka ɗaure. Rim ɗin na kabon ne, don Allah kada ka buge shi. Asabar za mu je Lajawa a kan keke da abokaina."

Na ce, "Dakta, kana rarrafe na fara gyaran keke."

"Na sani, Oga. Amma kada ka buga."

Ya hau acaɓa ya tafi aji. Na tattara ƙarfi irin na ɗaukar buhun gero na ɗaga keken, saura kaɗan in faɗi da baya. Wallahi zakara ya fi keken nan nauyi! Na ce bari in ɗan gwada, don aiki. Jama'a! Feda ɗaya na taka, keke ya zabura. Na miƙi hanyar Indabo, gargada da yashi duk bai san da su ba. Ni da gwiwata take ƙara in na yi ruku'u, sai ga ni ina wuce masu amalanke ina ihu, hulata ta faɗi ban ko waiwaya ba. Masu tallar nono suka tsaya suna kallon tsoho ya zare.

Ko da na dawo, majalisa ta cika a bakin rumfata. Na hau yi musu lacca: "Wannan shi ake kira kabon. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ya fi ƙarfe ƙarfi." (Rabin bayanin a kan hanya na ƙirƙiro shi.) Na ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya, rawar ta ragu, saura 'yar kaɗan da ba mai gani sai ni.

Sai Sale mai shayi ya ce, "Yau kuma gudumar hutu take yi? Ko ɗan boko ne ya hana ka?"

Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, abin da ya fi ƙarfe ƙarfi, me guduma za ta yi masa? Na cire taya, na ɗora rim a kututture, na naɗe hannun riga, har da cewa, "Ku matsa, ku ga aiki."

Ƙas! Kamar an karya busasshen karan dawa. Rim bai lanƙwasa ba, bai miƙe ba, dagargajewa ya yi, wasu baƙaƙen zaruruwa suka yi cirko-cirko kamar gemun bunsuru.

Na sunkuce shi a guje sai wurin Ɗanlami mai walda, majalisa duk tana biye da ni. Ya juya shi, ya shinshina, ya miƙo mini. "Yaya, wannan ai zare ne da gam. Kai wa tela."

Sale har zama ya yi a ƙasa don dariya.

Da la'asar Dakta ya dawo. Ya daɗe yana kallon rim ɗin, ni kuwa ina kallon silifas ɗina.

"Oga, sau nawa ka buga?"

"Sau ɗaya ne, Dakta."

"To, Allah ya ƙara ƙarfi."

Da zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Ya saɓa kekensa a kafaɗa ya tafi, ban ma iya cewa ya yi haƙuri ba sai da ya yi nisa. Lajawa dai ba da shi aka je ba. Tun daga nan mutanen jami'a Kano suke kai kekunansu, 'yan gari kuma in sun kawo nasu sai sun ce, "Na ƙarfe ne fa, Malam, kana iya bugu."

Na dai koyi darasi. In mai abu ya ce kada ka buga, ko da ɗan boko ne, to kada ka buga. In kuwa hannunka ya matsa maka, ka bari majalisa ta watse tukuna.