Ranar da Na Kai Wa Kwamfuta Zanga-zanga

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na jawo wa manoman Kura a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin rabon ruwan noman rani. Aikina shi ne in karɓi takardar ranakun sakin ruwa in sanar da manoma. A shekarar ne wani injiniya Ba'amurke ya kawo mana kwamfuta, aka damƙa ta a hannun abokin aikina Malam Habu.

Ni kuwa dama ban yarda da Habu ba. Shiru-shirunsa ya yi yawa, ga shi matarsa 'yar Bunkure ce, garin da muke raba ruwa da su (a lokacin wannan kaɗai ya ishe ni hujja).

Takarda ta fito. Ɓangaren Bunkure 2/2, namu 2/3. Na karanta: su biyu ga Fabrairu, mu biyu ga Maris. Wata guda cur! Tumatir na fure, ciki har da na surukina Alhaji Ado, wanda har lokacin bai gama yarda na isa riƙe 'yarsa ba. Na ce a raina, yau na kama ɓarawo. Da na tambayi Habu da magana ta ƙare, amma ina! Sai na koma leƙensa ta taga, ina lura da wanda ya gaishe shi da wanda ya kawo masa albasa.

Biyu ga Fabrairu na je da kaina na ga ruwa na malala a Bunkure. Raina ya ɓaci. Washegari da sassafe na kwaso manomanmu kaf, Alhaji a gaba, muka cika harabar ofis. Na ɗaga takarda ina ihu: "Malam Habu, ka ji tsoron Allah! Surukanka yanzu, mu sai Maris?"

Ya karɓa, ya gyara tabarau. "Wane Maris? Na'urar nan wata take fara rubutawa, sannan rana. Haka suke yi a ƙasarsu. Naku uku ga Fabrairu ne."

Wani dattijo ya ce, "Yau nawa ga wata?"

"Uku," in ji Habu. "Tun bayan asuba aka sakar muku. Wa kuka bari a gona?"

Babu kowa. Ni na tabbatar da hakan, gida-gida na bi. Kafin mu isa a guje an rufe ƙofar ruwan, rabonmu ya bi babbar magudana ya wuce, babu wanda ya buɗe wa fadamarsa. Sai wani makon, furen da zai zube kuwa ya zube.

Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zaga. Kallona ya yi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan boko."

Tun daga nan kowace takarda sai na rubuta sunan wata da haruffa a gefe. Kuma idan zargi ya taso min, nakan fara tambaya kafin in tara jama'a. Har yau dai a Kura akwai tsofaffin da ke kirana Biyu-ga-Maris, kuma ina amsawa.