Rasuwar Bronka, Farfelar Jirgin Bogumił

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Leszek Gawron nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan jirage rasuwar Bronka, farfelar jirgin da muka haɗa ni da abokina Bogumił Sroka. Ta rasu ranar Asabar, tara ga Nuwamba, da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, a cikin itatuwan bakin rafi inda jirgin ya faɗi, saura mita ɗari uku ta iso filin saukarmu na Lipowiec. Shekarunta goma sha ɗaya. Bogumił ne ke tuƙi. Yana kwance a asibiti a Rzeszów, bai farfaɗo ba.

An haife ta a garejin Bogumił, daga falle bakwai na katako da aka manne aka sassaƙa. Shi ya yi aikin katakon. Ni na yi cibiyarta, wato ƙarfen da ke riƙe da hannayenta biyu yana juya su. Ta ci sunan gwaggonsa, wadda ita ma ba ta magana sai da dalili.

Babban halin marigayiyar shi ne ta san lokacin da ba a bukatarta. Jirginmu irin wanda ake hawa sama da inji ne, sannan a kashe injin a bar iska ta ɗauke shi. Farfelar da ta tsaya da faɗinta tare iska take yi, tana jan jirgi baya. Ita kuwa Bronka, da an ja liba, wato sandar da matuƙi ke sarrafa ta da ita, sai ta juya hannayenta ta ba iska gefe kamar bakin wuƙa. Mun auna: daga tsayin kilomita ɗaya, idan ta ba da gefe jirgin kan ci kilomita ashirin da bakwai kafin ya taɓa ƙasa. Idan ta tsaya da faɗi, goma sha tara.

Waɗanda suka san ta za su tuna tarin da take yi sau biyu kafin ta tashi da safe, da “tak” ɗin da take yi idan ta gama juyawa. Bayan wannan babu sauti sai iska.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Oktoba, a hannuna. Giris ɗin da muka saba sa mata a cibiya, mai jure sanyi, ya ƙare. Na ɗebo na taraktan yankan ciyawa na shafa mata, da niyyar canzawa kafin sanyi ya shigo. Ban canza ba, ban kuma gaya wa Bogumił ba.

Ranar Asabar ya hau mita dubu biyu da ɗari huɗu a kan duwatsu, ya kashe inji, ya yi awa biyu da rabi cikin sanyi mai daskarar da ruwa. Da iskar ta daina ɗaga shi, sai ya tura liba domin ya mayar da farfelar ya tada inji. Ina rumfar jirage, kusa da rediyo, sai na ji muryarsa.

“Leszek, tsoho, me ka ciyar da matar nan? Liba ta maƙale a tsakiya.”

Na ce ya mayar da ita gefe.

“Ba ta gaba, ba ta baya. Bar ni da ita. Kai dai ɗora shayi, ga ni nan.”

A wannan tsayuwar ba ta iya jan jirgi, ba ta kuma bar iska ta wuce ba. A lissafina, da ta koma gefe da ya iso fili da rarar kilomita uku. Mai binciken hukuma bai tabbatar cewa giris ne ba tukuna. Na ba shi bayanina a rubuce ranar Litinin, tare da gwangwanin giris ɗin. A ranar na gaya wa Danuta, matar Bogumił, maganar giris ɗin a barandar asibiti. Ta saurara har na gama, ta ce, “Na ji, Leszek. Je ka gida ka yi wanka.”

Marigayiyar ta bar injin da ta yi awa ɗari takwas da sittin tana aiki da shi, da fiffiken hagu na jirgin, da cibiyarta wadda ke cikin leda a ofishin mai bincike, da hannunta guda da ya fita ba ko tsagewa. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a rumfar jirage. Za a ƙone gutsattsarin karyayyen hannun a murhun rumfar. Ba za a yi jawabi ba, kuma kada kowa ya zo da kwalbar giya.

Saura lafiyayyen hannun. A al'adarmu, idan matuƙi ya fita da ransa, shi da kansa yake kafa ragowar farfela a bangon rumfa ya rubuta kwanan wata. Idan bai fita ba, a kan kabarinsa ake kafa ta. Shugaban ƙungiya ya tambayi Danuta abin da za a yi. Ta ce, “Kada kowa ya buga ƙusa, kada kuma kowa ya kira mai sassaƙa dutse.”

An naɗe hannun a bargo an ajiye a kan teburin aiki. Likitoci sun ce ranar Alhamis za su rage wa Bogumił maganin barci su gani.