Wa Ya Rasu a Mambila?

"...ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan, har yau ta fi taki kyau."

"To madalla. Ya tsufa?"

"Yana gaishe ki, ya ce ki share ɗaki yana tafe."

Mukarrama ke nan durƙushe a zauren kakanta Malam Inuwa a Dandamisa, baki na murmushi ciki na tafasa. Malamai mata na makarantarsu a Makarfi sun haɗa tafiyar hutu zuwa wani ɗan gari a kan tsaunin Mambila, inda aka ce ba komai sai sanyi da ciyawa da shanu. Kowace an bar ta. Ita kaɗai, mace da hankalinta, mai koyar da 'ya'yan mutane, babanta ya kafe ba inda za ta sai da muharrami. Yayyenta kuwa, marasa kirki, kowa wai yankan rake ya sha masa kai. Aka duba dangi kaf, namijin da ba shi da aikin fari bare na baƙi sai wannan tsoho. Ga mota jibi za ta tashi.

Ta gyara zama ta ce, "Tsoho, haɗa kayanka. Zan fitar da kai ka ga duniya kafin a rufe ka."

"Ke za a fara rufewa, da wannan hakin da kike yi daga bakin titi zuwa nan. Ina za mu?"

"Mambila."

Ya ajiye carbi. "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Haihuwa aka yi?"

"A'a."

"Aure ne? Ko an samo miki wani makaho a can?"

"Ina da kai, me zan yi da makaho na biyu? Hutawa za mu je yi."

"To, ran wace kasuwarsu take ci?"

"Ba kasuwa za mu ba, Kaka! Wuri ne shiru. Ka hau can sama ka zauna, ba ƙarar babur, ba injin niƙa, ba mai kiran sunanka. Sai iska mai sanyi."

"Yarinya, wannan ai kabari kika kwatanta min. Muna da shi nan bayan gari, kuma ba sai an hau dutse ba."

"Har gajimare za ka gani yana wucewa ta ƙasanka."

"Ta ƙasana? To ruwan ta ina yake zuwa? In ce dai a ƙafa suke riƙe lema? Ke tsaya tukuna. Su mutanen, me suka yi a ƙasa da suka gudu sama? Mutumin kirki ba ya gina gida inda jaki ke ja da baya."

"Kai dai ka ce tsoro kake ji."

"Ni? Ni da na hau rumbu da dami a ka kafin a haifi ubanki?"

"Aka kuma sauko da kai a zani, an ba mu labari. Ɓera ka gani."

"Ɓeran ya kai ɗan akuya!"

"To a mota za a hau da kai. Aikinka kawai ka zauna a gaba, a ga da namiji a tafiyar. Ko barci ka yi ba mai ganewa, dama idon a rufe yake."

Sai tsoho ya leƙa ƙofar zaure, ya rage murya.

"Ke ba ki da tunani. In na fito da jaka, liman zai tare ni, mai unguwa zai tare ni, 'Malam, lafiya?' In ce musu me? Za ni kallon shiru? Kafin in kai bakin titi an ɗaure ni ana min tofi."

A nan Mukarrama ta gane ba dutsen ba ne matsalar. Tun da aka haifi bawan Allahn nan bai taɓa sa ƙafa a mota ba sai da dalilin da zai faɗa a ƙofar masallaci. Wato hutunta zai rushe saboda bakin liman! Ta ciji leɓe, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kaka, gari ne fa, da mutane a ciki. Kana nufin duk garin ba wanda ya mutu 'yan kwanakin nan?"

Ya ɗago. "Da wannan sanyin da kike faɗa? Ai dole."

"To ka je gaisuwa."

"Ban san mamacin ba."

"Wanda ka je wa a Kudan bara fa? Ka sha kuka, ka cinye musu tuwo, sai a hanyar dawowa ka gane gida ka ɓata."

"Shi ma mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To ga wani can a kan dutse, ba wanda ya je masa daga Dandamisa. Ba kunya?"

"Abin kunya ne kam," in ji shi, yana shafa gemu. "Amma in muka je muka tarar kowa lafiyarsa ƙalau fa?"

"Ba ga ka ba? Da tarin nan naka? Ni sai in shimfiɗa tabarma in karɓi gaisuwa, ba dai mu yi zuwan banza ba."

Malam Inuwa ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna ta da carbi. "'Yar banza! Allah ya sa ni zan karɓi taki. Je ki gaya wa ubanki za ni ta'aziyya Mambila, kuma ke ce 'yar rakiya."

Ta zaro hular sanyi sabuwa fil daga leda ta jefa masa a cinya. Ya juya ta, ya shinshina, ya zura kai har ta rufe kunnuwa.

"Ka ji? Jibi da hantsi a tashar Makarfi!"

"Me kika ce?"

"Jibi!"

"Alhamdu lillahi," in ji tsoho, yana lumshe ido. "Ba na jin ki ko kaɗan. Lallai garin nan da daɗi."