Rasuwar Ƙi-Jira, Jirgin da Ya Mutu Yana Huɗa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har tana ambaliya, ni Ɗanƙarami masunci na Hamdara, wanda ya riga kowa a ƙasar Damagaram ganin jirgi mai inji, tun ranar da aka sauke shi a tashar Mirriya jama'a na tambayar ina tayoyinsa, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar jirgina, Ƙi-Jira. Ya cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar tabkinmu, yana da damina goma sha ɗaya.

Ban yi lekwal ba, ban san karatun boko ba. Ɗiyata Rahina ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, kuma na hana ta rage ko kalma.

Marigayi ba ya tafiya cikin ruwa, bisa ruwa yake tafiya. In na ja igiya sai ya yi tari biyu, tuf, tuf, ya ce firrr, ya ɗaga ƙirji sama, bayansa kaɗai ke lasar ruwa. Tarwaɗa ba ta ganinsa sai ta tsinci kanta a cikinsa. Ya sha isansi, wato fetur, mai gauraye bai taɓa kai ƙara ba. Lalurarsa ɗaya ce, farfela. Tabkinmu ba zurfi, ƙasansa duk kututture, kowace kaka sai farfela ta ce ƙwas, ta bar haƙori a can. Farfela huɗu na binne da hannuna.

Shi ne na fito da dabarar da ko masu farar riga na Zinder ba su hango ba. Na ce a shimfiɗa masa dogon ƙarfe a ƙarƙashin ciki, daga ƙirji har ya zarce farfela, komai ya fara karo da ƙarfen. Sha'ibu maƙeri ya rasa ƙarfe mai wannan ƙwari, sai na kai masa garmar shanun mahaifina. Ya so ya cire mata baki. Na hana, don ƙarfin garma a bakinta yake.

Daga ranar ciwo ya kama shi. Ya daina ɗaga ƙirji, muryarsa ta koma guuu, kamar mai ɗauke da buhun gero uku. Ranar Talata na sakar masa wuta gaba ɗaya don ya tuna ko shi wane ne. Garma ta ji ƙasa, ita ma ta tuna ko ita wace ce. Marigayi ya ja kunya guda, miƙaƙƙiya, taki ɗari da ashirin, sannan ya ce ɓas, cikinsa ya rabu biyu. Ni kuwa na tashi sama har na hango hasumiyar masallacin garin Dogo, na sauko da ka cikin taɓo, na ciro kaina da kaina. Wanda ya ga yunwa biyu, taɓo ba ya gama da shi.

Ya rasu ya bar inji mai tari, taru biyu, tsohuwar ƙwaryar kwalfe ruwa, da matata Hajara wadda kaskon suyarta ya yi sanyi. Ya kuma bar farfela, fikafikanta uku cif, ko ƙwarzane babu.

A rubuta wannan da manyan baƙi, Rahina. Na ji ana yawo da sunana a bakin kasuwa, wai ni na kashe shi, wai ya kamata in ji kunya. Kunya ɗaya ce a maganar nan, tana kwance a tabki, kuma ta fi ta gonakinku miƙewa. Farfela na ce zan kare, ba jirgi ba. An kare ta ko ba a kare ta ba?

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Ruwa ya janye, bijimai huɗu sun kasa ciro shi, don haka za a rufe shi inda ya tsaya. Liman ya ce babu salla a kan katako, mun karɓa. Kowa ya zo da fartanyarsa. A kula da ƙafa, maƙwabcina Kassim ya riga ya dasa albasa a kan kunyar marigayi.

Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar gidana, inda na ɗaure inji da farfela a jikin itacen bedi. Duk mai shakkar lafiyarta ya zo gaban jama'a ya ɗora yatsansa a kai, ni kuwa in ja igiya.